Yadda ake dafa kaul, romon ragon mutanen Wales, da 'yar wainar da ake gasawa a kan kasko

Duk baƙon da ya sauka gidana a Cardiff, babban birnin Wales, daga Kano ya taso ko daga Landan, kafin ya ajiye jaka zai ce a kai shi ya ga tsohuwar fadar da ke tsakiyar gari. Ina kai shi. Amma idan ya koma gida ya bugo waya, ba fadar yake tambaya ba. Romon nan yake tambaya, wanda ya sha a daren da ruwan sama ya hana mu fita, da 'yar wainar nan mai zabibi da muka saya da zafinta a kasuwar cikin gari.

Romon shi ne kaul. Da harshensu cawl suke rubutawa, a baki kuwa kaul ne. Wales ƙasar tuddai ce da ruwan sama a yammacin Birtaniya, mutanenta sun ɗan haura miliyan 3, tumakinta sun ninka su kusan sau uku, don haka ba abin mamaki ba ne abincin da suke alfahari da shi ya zama romon rago da kayan gona. Wata tsohuwa maƙwabciyata, haifaffiyar yammacin ƙasar, ita ta koya mini. Abin da ya sa na nace sai na iya shi da hannuna kuwa, a gidajen abinci ba kullum ake samun naman da aka yanka bisa shari'a ba, wasu ma da naman alade mai gishiri suke haɗa ruwan romon, kamar yadda kakanninsu suka yi. Ga yadda nake yi, na mutum shida.

Kayan aiki

Tukunya babba mai kaurin gindi da murfi, wadda za ta ci ruwa lita 5. Wuƙa mai kaifi da katakon yanka. Ludayi, da cokali mai huji na kwashe kumfa. Matata ko kwandon tace shinkafa. Roba mai murfi da za ta shiga firji.

Kayan haɗi

Wuyan rago da ƙashinsa, kilo 1. Idan babu wuya, karfata.
Ruwa lita 2 da rabi.
Albasa babba 1.
Karas manya 3.
Suwid rabin ƙwallo, kamar giram 400. Wani tushe ne mai zagaye, bayansa ja-ja, cikinsa rawaya, ɗanɗanonsa tsakanin kabeji da karas.
Dankalin turawa giram 600.
Lik manya 3. Ɗan'uwan albasa ne, dogo, gindinsa fari, samansa kore, ba ya yin ƙwallo.
Ganyen fasili cikin hannu ɗaya, tayim kaɗan, gishiri, masoro.

Ki sake duba jerin. Babu mai, babu tumatir, babu attaruhu, babu dunƙulen ɗanɗano. Ba mantuwa na yi ba. Hannun mai girkin Hausa zai yi ta ƙaiƙayi ya jefa wani abu, kuma na san wannan ƙaiƙayin. Roƙona, a karon farko ki bar shi yadda masu shi suke yi, ki ji abin da ƙashi da lik za su iya su kaɗai. Ki ajiye yaji a gefe, mai so ya barbaɗa a kwanonsa.

Idan kina gida Najeriya ko Nijar, lik yakan zo cikin kayan lambun Jos. In ba ki samu ba, ki haɗa lawashin albasa mai yawa da farar albasa guda. Maimakon suwid ki sa ɗan dankalin Hausa da kabeji kwata, amma kada dankalin Hausar ya yi yawa, zaƙinsa zai rinjayi romon.

1. Zaɓen nama

Rabin aikin a wurin mahauci yake ƙarewa. Kada ki karɓi tsoka zalla. Ƙashi da jijiya da ɓargo su ne suke ba ruwan jiki, shi ya sa wuya ya fi cinya a wannan girkin, ga shi ya fi araha. Ki ce a sara miki shi manya-manya, kaurin yatsa uku. A Cardiff akwai mahautan halal a City Road da Grangetown, kuma ba jiya Musulmi suka zo garin ba: Yamalawa da Somaliyawa ma'aikatan jirgin ruwa sun zauna a unguwar Butetown tun zamanin da ake fitar da kwal ta tashar garin. Ɗan ragon Wales ƙarami ake yankawa, namansa da laushi, awa biyu ta ishe shi. Ragon gida da ya shekara yana kiwo zai nemi awa uku, amma romonsa ya fi ƙarfi, kuma shi ya fi kusa da abin da mutanen ƙauye suke dafawa a da.

2. Ɗora nama a ruwan sanyi

Ki wanke naman, ki zuba a tukunya, ki zuba ruwan sanyi ya sha kansa. Ruwan sanyi na ce, ba tafasasshe ba. Ki yanka albasa gida huɗu ki jefa, ki yanke korayen kawunan lik ɗin nan masu tauri ki wanke su ki zuba, da tayim da gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Fararen gindin ki ajiye su sai gobe. Wuta matsakaiciya, tukunya a buɗe.

Ba a soya naman. Wasu masu girkin zamani suna soyawa, kuma ba laifi ba ne, sai dai romon yakan yi duhu ya koma wani abu dabam.

3. Kwashe kumfa

Kafin ya tafasa za ki ga kumfa mai toka-toka tana taruwa a sama. Ki tsaya a kai ki yi ta kwashewa, minti goma ko sha biyar, har ta daina fitowa. Nan ne gaggawa take ɓata girki. Idan kika bari ya ɓararraka da kumfar a ciki, ta koma ruwan ke nan, ba ta sake fitowa, romon zai yi gurɓi ya riƙa ƙarni.

4. Rage wuta, a ba shi lokaci

Da kumfa ta ƙare sai ki rage wuta can ƙasa, ki rufe ki bar 'yar kafa. Abin da ake so, ruwan ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan, ƙwayar tafasa tana ɓullowa nan da can. Awa biyu zuwa uku. Idan ruwa ya ja har nama ya leƙo, ki ƙara ruwan zafi. Ya yi idan kika taɓa naman da cokali ya saki ƙashi da kansa.

A kan gawayi ma yana yi, har ya fi dacewa: ki bari garwashin ya kwanta, ki riƙa ƙara kaɗan. A St Fagans, gidan tarihin da ke bayan garin Cardiff wanda aka buɗe a 1948, an kwaso tsofaffin gidajen manoma daga sassan ƙasar an sake gina su, kuma za ki ga tukunyar ƙarfe rataye da sarƙa a kan murhu. A irin wannan wutar kaul ya samo asali.

5. Kwana

Ki tsame naman, ki tace ruwan, ki zubar da albasar da korayen lik, sun gama aikinsu. Idan naman ya huce ki zare ƙashi da hannu, ki bar tsokar manya-manya. Ruwan ki juye a roba, ki tsoma gindinta a ruwan sanyi don ya huce da wuri, sannan ki sa a firji, nama dabam, ruwa dabam.

Da safe za ki tarar kitse ya daskare a sama fari fat kamar faifai. Ki ɗaga shi da cokali. A ƙarƙashinsa ruwan ya kama jikinsa yana rawa, alamar ƙashi ya ba da abin da ke cikinsa. Kada ki kwashe kitsen tas. Ki bar kamar cokali ɗaya, domin idan ya narke shi ne yake yin 'yan ɗigo-ɗigon maiƙo masu ƙyalli a fuskar romo. Taurari maƙwabciyata take ce musu, kuma kwanon da babu su ba ta ɗaukarsa kaul.

Idan babu tabbacin wutar lantarki, kada ki kwanar da romo a waje cikin zafi. Ki yi komai a yini ɗaya: ki sauke, ki bar shi ya natsu rabin awa, maiƙon zai taso, ki yaɗe shi da ludayi a hankali, ki wuce mataki na gaba.

6. Kayan gona, kowa da lokacinsa

Ki mayar da ruwan kan wuta. Ki fere suwid da karas, ki yanka su manya, kamar girman ƙwan zabo. Su ne masu taurin kai, su za su fara shiga, minti 15. Sai dankali, a yanka shi ya ɗan fi su girma, shi ma minti 15. Sai nama ya koma.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne yanka kanana irin na soyayyiyar shinkafa. Kaul ba fate ba ne. Ana so mai ci ya ɗebo karas ya gane karas ne. Idan kina son ruwan ya ɗan yi kauri, ki ɗauki dankali biyu ki murƙushe su a jikin tukunya da bayan ludayi, ba sai kin sa fulawa ba.

7. Lik

Ki tsaga kowane lik gida biyu a tsaye, ki buɗe ɓawonsa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ruwa. Manoma suna tara masa ƙasa a gindi don ya yi fari, sai yashi ya shige tsakanin ganyen, wankin waje ba ya fitar da shi. Ba abin da ke kashe wa baƙo sha'awa kamar ya tauna tsakuwa. Ki yanka shi kaurin yatsa, ki zuba, minti 8 zuwa 10, ba ƙari.

Karon farko da na dafa ni kaɗai, tare da nama na zuba shi duka tun farko. Ya narke ya yi yauƙi, launinsa ya koma na toka, ƙamshin ya gudu. Da na kai wa tsohuwar nan ta ɗanɗana, ba ta ce komai ba, sai ta tashi ta yanko ɗanyen lik siriri-siriri ta watsa a kwanon. Nan take romon ya farfaɗo. Tun ranar nake ajiye ɗan guntu ɗanye in yanka a kai lokacin zubawa. Lawashi ya fi lik saurin dahuwa, minti 3 ya ishe shi.

Yanzu ki ɗanɗana gishiri, ki sa masoro da hannu sake, ki yanka fasili ki zuba, ki sauke.

8. Zubawa

Da zafinsa, a kwano mai zurfi, da burodi mai ɓawo da bota, da yankan cukun Caerphilly, wani farin cuku mai ɗan tsami da gishiri da ya ɗauki sunan wani gari a arewacin Cardiff. Wasu suna marmasa shi cikin romon. Ki duba takardar cukun ki ga an rubuta ya dace da masu ƙin nama, wannan ne ba a sa masa abin daskararwa daga cikin dabba ba. A da, a kwanon itace suke sha da cokalin itace, ranar da na fara ganinsu akushin kakata ne ya faɗo mini. Wasu gidajen kuma ruwan ake fara sha, nama da dankali su biyo baya. Suna da karin magana cewa shan romon daidai yake da cin naman.

Abin da ya yi saura ya fi daɗi washegari, har suna gare shi, cawl eildwym, wato kaul ɗin da aka ɗumama karo na biyu. Ki tafasa shi sosai, kuma iya abin da za a ci kawai za ki ɗumama.

Wainar kan kasko

Wannan ba ta da wuya, yayin da nama yake kan wuta ake yin ta. Sunanta picau ar y maen, wato wainar kan dutse, domin a kan faffaɗan dutse aka fara gasa ta kafin a koma farantin baƙin ƙarfe. Ba ta buƙatar tanderu. Ba ta da girma, ba ta saurin lalacewa, shi ya sa masu haƙar kwal suke tafiya da ita rami a aljihu.

Za ki nemi kaskon suya mai kauri marar rami, da kwano, da abin murza fulawa ko kwalba mai tsafta, da kofin shayi don yankawa. Fulawa giram 225, wato kamar gwangwanin madarar ruwa biyu da rabi. Bekin foda ƙaramin cokali 2. Bota mai sanyi giram 110, kamar babban cokali 8. Sukari giram 85. Ƙananan zabibi giram 60. Ƙwai 1. Garin kirfa da gyaɗar ƙamshi rabin ƙaramin cokali. Gishiri ɗan kaɗan, madara cokali ɗaya. Babu zabibi? Ki yanka dabino kanana ki rage sukari.

1. Ki tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri da kayan ƙamshi. Ki yanka bota a ciki, ki murje da kan yatsu har ya zama kamar tsakin masara. Kan yatsu, ba tafin hannu ba, zafin tafi yana narkar da botar.

2. Ki zuba sukari da zabibi, ki fasa ƙwai, ki haɗe. Sai idan ya ƙi haɗuwa za ki ɗiga madara. Kada ki yi ta murzawa kamar kwaɓin cincin, wainar za ta yi tauri. Da ya dunƙule, ya isa.

3. Ki barbaɗa fulawa a tebur, ki murza kwaɓin ya kai kaurin ƙaramin yatsa, ki yanka da bakin kofi. Za ki samu 14 zuwa 16.

4. Ki ɗora kasko a wuta ƙasa da matsakaiciya, ki shafe shi da ɗan bota a tsumma. Shafawa kawai, gashi ake yi ba suya ba. Ki fara gwada guda ɗaya. Minti 3 kowane gefe. Idan ta yi baƙi kafin minti biyu, wuta ta yi yawa, bayanta zai ƙone cikinta ɗanye. Idan minti huɗu ya wuce tana nan fara, ki ƙara wuta kaɗan, in ba haka ba za ta bushe.

5. Ki sauke tana ruwan zuma sama da ƙasa, da wani siririn layi mai laushi a tsakiyar gefenta. Layin nan kada ya tsorata ki, zafin jikinta zai ƙarasa shi. Ki juya ta a sukari tun da ɗuminta. A gwangwani mai murfi tana kwana huɗu ko biyar.

Idan a kasuwa za ki saya, ki tambaya ko da bota zalla aka yi, domin tsohon haɗin yana da kitsen alade rabi da rabi, kuma har yanzu akwai masu sa shi. A kasuwar Cardiff mai rufin gilashi, wadda aka buɗe a 1891, a gabanki ake gasawa, mai sayarwa za ta faɗa miki ba tare da jin haushi ba.

Lokacin da ya fi dacewa a kawo baƙo

Babbar ranar kaul ita ce 1 ga Maris, ranar Dewi Sant, waliyyin da Kiristocin ƙasar suke ɗauka uban ƙasarsu. Yara suna zuwa makaranta da kayan gargajiya, manya suna maƙala lik ko furen dafodil mai ruwan ɗorawa a ƙirji, ana jerin gwano a tsakiyar Cardiff, kusan kowane gidan shayi yana da tukunya a wuta. Sanyi bai tafi ba a lokacin, romon yana shiga jiki. Ni a ranar nake gayyatar maƙwabta, in ɗora nama tun daren jajibiri.

Mai son ganin tumakin da idonsa ya zo a Yuli, lokacin baje kolin noma na Royal Welsh a Llanelwedd, kwana huɗu ana gasar raguna da shanu da sausayar ulu. Duk wanda ya taɓa zaga kara ana gobe Sallah zai ji kamar ya san wurin. Makon farko na Agusta kuma na Eisteddfod ne, bikin waƙa da rubutu da harshen Wales, wanda ke sauya gari kowace shekara tsakanin kudu da arewa. Idan a arewa ya faɗo, ki nemi lobsgows, sunan da suke kiran ɗan'uwan kaul ke nan a can. Amma wanda abinci ne ya kawo shi, Satumba zai jira, ya hau jirgin ƙasa daga Cardiff zuwa Abergavenny, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, inda ake bikin abinci tun 1999. Ki kama masauki da wuri ko ki yi sammako ki dawo a ranar, garin ƙarami ne, yana cika maƙil. A can nake sayen cuku da zuma da gishirin teku na Halen Môn daga tsibirin Anglesey.

A duk waɗannan wuraren tambaya uku nake koya wa baƙona: da wane nama aka haɗa ruwan romon, da wane mai aka yi wainar, kuma ko an sa giya. Ta ukun saboda gasasshen burodin nan mai narkakken cuku da suke kira rarebit ne, yawanci da giya ake dama cukunsa. Burodin bara brith mai zabibi kuwa a shayi ake jiƙa 'ya'yan itacensa, amma shi ma ki tambaya.

Idan kwana ya rage, ki kai baƙon kasuwar birnin Swansea ya ga bara lawr. Sunan yana nufin burodi, amma ganyen teku ne da ake dafawa awanni har ya yi baƙi-kore ya yi laushi, a ido kamar miyar kuka mai kauri. A rumfunan karin kumallo tare da naman alade ake soya shi, don haka ki sayi kwaɓin da ba a soya ba a roba ki kawo gida. Ki haɗa cokali huɗu da cokali biyu na garin ots, hatsin nan da ake dama kunun karin kumallo da shi, ki mulmula ki ɗan danne, ki soya a kitsen ragon nan da kika ɗaga daga kan kaul, minti 3 kowane gefe, ki ba shi da soyayyen ƙwai.